Lilon da Ya Tsaya a Sama

Har yau a unguwa, in ana so a zolayi Tela, sai a ce masa, "Ina takalminka?" Maganar ta samo asali ne ranar bikin unguwa, da aka kafa ƙaton lilo mai juyawa kusa da dandalin mawaƙa.

Tela ko tsani ba ya hawa. Amma da Malama, 'yar maƙwabcinsa, ta kalle shi ta wutsiyar ido ta ce, "Ko tsoro kake ji?" sai ga shi zaune kusa da ita.

Suna kaiwa ƙololuwa, lilo ya yi ƙara ya tsaya cak. Mutanen ƙasa suka koma kamar tururuwa. Tela ya janye ƙafafunsa da sauri har takalmi ɗaya ya suɓuce, ya faɗo kan gangar makaɗi.

"Malama," ya ce, ido a rufe, "in Allah ya sa muka sauka da rai..."

"Ina jin ka."

Ya daɗe yana haɗiye maganar nan. Bai san wanne ya fi ban tsoro ba, ƙasa ko amsarta.

"Zan turo iyayena gidanku. In kin yarda."

Iska ta kaɗa kujerar, ya hau salati.

Sai ta leƙa wajen yayanta, mai kula da injin, ta ɗaga murya: "Yaya, sauke mu! Ya faɗi maganar!" Ashe da shi ta haɗa baki aka tsayar da lilon.

In an tsokane shi yanzu, murmushi kawai yake yi: "Ku sha dariyarku. Takalmi ɗaya na yar, na sauko da mata."