Jinin Lamba Tara

"Cire sunanta daga takardar binciken," Farfesa ya ce wa sakatarensa, a gabana, kamar ba na wurin.

Shekara huɗu na yi a ɗakin bincikensa ina bin diddigin wata ƙwayar gado da ke sa furotin ya dunƙule a ƙwaƙwalwa har mutum ya manta komai. Ni na yi kiwon ɓerayen gwaji, ni na auna jinin mutum arba'in. Yanzu da aiki ya yi kyau, zai fita da sunansa shi kaɗai.

"Farfesa, gumina ne fa."

"Mai wanke kwalabe ma tana gumi." Ya jawo sakamakon gwajin jinin, ya ɗora yatsa kan wani layi yana murmushi. "Dubi lamba tara. Furotin ya riga ya fara taruwa. Nan da shekara biyu, bawan Allahn nan ko 'ya'yansa ba zai gane ba. Nemo mini shi, ina son hotonsa kafin ya lalace."

"Ba sai an nema ba," na ce. "Ka tuna ranar da jinin lafiyayyu da muke kwatantawa da shi ya ƙare, ka naɗe hannun riga ka ce in ɗebi naka?"

Yatsansa ya kafe a kan layin.

"Sau uku na maimaita gwajin." Na cire farar rigata, na rataye ta a bayan ƙofa. "Riƙe takardarka, Farfesa. Ka sa sunanka da manyan baƙaƙe, tunda nan gaba kaɗan sai an riƙa karanta maka shi."