Ruwan Jegon Zinatu

Tun da aka hana hura itace a gari, masu jego suka dogara da famfon bayan Gidan Na'ura. Ruwan da ya gama sanyaya kwamfutoci nan yake fitowa da zafinsa, mu tara kyauta. Jikata Zinatu ta haihu, don haka na ɗauki bokitina na alminiyam na tafi da hantsi.

Na murɗa famfo, ko tururi babu.

"Iya, ba ki ji rediyo ba?" in ji Tanimu mai gadi. "An daina ba kwamfutocin ruwa, narkakken ƙarfe ke zagaya cikinsu yanzu. An ce tattalin ruwa ne."

"An ce! Wa ya ce? Ruwan da aka tattala yana ina, ɗan nan? Randata dai ba ta gan shi ba. Na'ura ta sha sanyi, mai jego ta yi wanka da me?"

"Wallahi ni ƙofa aka ba ni."

Na sake murɗawa da haushi. Sai ga ɗigo guda kamar azurfa ya faɗo, yana mirginawa a gindin bokitin, bai jiƙa komai ba. Tanimu ya ja da baya, yana cewa ai an tabbatar musu bututun narkakken ƙarfen ba ya yoyo.

Kafin in isa gida, ɗigon nan ya ci gindin bokitin, ya farfashe kamar ɓawon ƙwai. Na tarar Zinatu ta ɗaura zani, ta jera ganyen darbejiya kusa da kujerar wanka.

"Kaka," ta ce, "da zafi sosai ko in sirka?"