Manhajar da Ƙidaya Ta Ce Ba Mai Amfani da Ita

Kawu, ajiye kofin nan ka ji, gajere ne, ba zan ja ba. Akwai wata malamar kimiyya da ta yi ritaya, ba abin da take so kamar rediyon oba-oba, irin wanda za ka kafa eriya a bayan gida ka yi magana da na nesa ko babu sabis. Ita ke kula da wata 'yar manhaja mai mayar da rubutu ya zama ƙara, ƙarar ta bi iska, kwamfutar can ta sake mayar da ita rubutu. Manhajar tana cikin wani babban tsarin kwamfuta na kyauta da 'yan sa kai ke riƙe da shi, kowa da ɗan abin da yake kula da shi. To, kafin su fitar da sabon tsari sukan yi shara, su zubar da abin da ba a amfani da shi. Kuma suna da yadda suke ƙirgawa: kwamfutar da ta hau intanet ita ke faɗa musu abin da mai ita ke buɗewa. Da aka duba manhajar malama, sai aka ga kwamfuta biyu kacal ke buɗe ta. Biyun nan kuma ta san su sarai, ɗaya a falonta take, ɗaya a ɗakinta. Wani daga cikin 'yan sa kan ya rubuto mata cikin ladabi, wai nan da kwana goma za a cire, sai dai in ta nuna masu amfani da ita.

Saura kaɗan ta ce a cire ɗin. Tana cikin kakkaɓe ƙurar rediyo sai abin ya faɗo mata: mai intanet me zai kai shi aika saƙo ta rediyo? Ai masu buƙatarta su ne ƙidayar ba za ta taɓa gani ba. Ranar Asabar da hantsi, lokacin da 'yan rediyo ke gaisawa, ta danna makirfo ta ce, “Duk mai amfani da manhajar nan, ya amsa min da ita.” Shiru, sai shuuu kawai. Can sai rubutu ya fara fitowa a allon. Wata ungozoma ce a ƙauyen bayan duwatsu, da ita take aika wa asibitin gari sunayen magungunan da suka ƙare. Sai masunta a wani tsibiri. Sai likitan dabbobi mai bin makiyaya. Duk a filash, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, suka samu manhajar, hannu zuwa hannu, intanet bai ma san da su ba. Kafin azahar sun kai arba'in da bakwai. Wani tsoho ma ko gaisuwa bai yi ba, ya rubuto, “Hajiya, tunda kin tambaya, rubutun ya yi ƙanana, gilashina ya gaji.” Ta ɗauki hoton allon ta tura wa 'yan sa kan. Aka bar manhajar a inda take, kuma wanda ya ce a cire ɗin, shi da kansa ya zauna ya ƙara wa rubutun girma.

Ka ga abin da Hausawa ke nufi, Kawu: ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.