Babur ɗin da ke mutuwa a gindin tsamiya

Muntaka makanike ya sha faɗa a kasuwar Tsanyawa cewa injin da zai gagare shi ba a ƙera shi ba tukuna. Wai shi da kunne yake gyara. Babur ya yi tari sau ɗaya, ya san inda ke masa ciwo.

Don haka da Hajiya Uwa ta sa aka turo masa tsohon babur roba-roba na marigayi mijinta, wanda kaji suka shekara goma suna ƙwai a ƙarƙashinsa, sai ya daki ƙirji a gaban 'yan majalisa: "In bai kai Ɗambatta ya dawo ba ran Juma'ar ƙarshen wata, na rufe rumfar nan, na koma noman gyaɗa."

Rumfar tasa a jikin katangar gidan marigayin take. Ta zaure Hajiya ta leƙo ta ce, "Ka taɓa ko'ina, amma murfin tankin nan bar shi yadda mai shi ya bar shi."

Mako uku, babur ya dawo kamar ango. Kik ɗaya yake tashi.

Sai dai fa da ya hau hanyar da ta ratsa gonakin gero, yana isa wata tsamiya a bakin kangon gidan mai injin niƙa na da, injin ya yi shaƙuwa biyu, ya mutu. Muntaka ya buɗe tanki. Murfin ya yi 'yar ajiyar zuciya, fuss. Mai yana nan fal. Ya rufe, ya buga kik, babur ya tashi.

Ya wanke kafireto. A tsamiya ya mutu. Ya canza fulogi, ya canza tiyo, ya ciro kwayil daga nasa babur ya ɗaura. A tsamiya ya mutu, ko taku goma bai ƙara ba. Ran Laraba 'yan majalisa suka fara tambayarsa farashin irin gyaɗa.

Juma'a bayan masallaci, Abdulkabir, ɗan Hajiya, ya iso daga Kano da mota. Jama'a ta cika bakin rumfa.

"An gama, Malam Muntaka?"

"Tuni! Kwayil ne. Da kunnen nan na kamo shi. Bari in zaga gari ku ji."

"Ba gari ba," in ji Hajiya daga kujerar bayan motar. "Hanyar tsamiya. Muna biye da kai."

Muntaka ya buga kik. Ya bi hanya a hankali, yana karanto duk addu'ar da ya iya. Ga mota a baya, ga 'yan majalisa a kan babura uku. Tsamiya ta ɓullo. Ya murɗa mai iya ƙarfinsa, ko Allah zai sa gudu ya wuce da shi.

Shaƙuwa biyu. Shiru.

"Wannan kuma ba aikin makanike ba ne," in ji Muntaka. "Bishiyar nan da mutanen ɓoye. Amma injin, wallahi na gyara."

Hajiya ta fito, ta daɗe tana kallon kangon. Sannan ta ɗora hannu a kan tankin.

"Ƙarya kake, Muntaka, ba ka gyara ba. Kuma na gode wa Allah."

Ta kwance murfin, fuss, ta juya shi, ta nuna masa wata 'yar ƙofa kamar ta allura, an liƙe ta da abu mai tauri.

"Tankin da bai shaƙi iska ba ba ya sakin mai. Wajen injin Babana na koya. Daga ƙofar gidan su marigayi zuwa nan ne iyakar numfashin babur ɗin." Ta mayar da murfin, ta shafa shi da gefen mayafi. "Nan gidanmu ne. Ni na toshe 'yar ƙofar murfin da ƙaro shekara arba'in da suka wuce, don mai babur ɗin nan ya daina wuce ni."