Hagun Malam Cedric

Sha biyu saura kwata, sai ga su sun sake ɓullowa gaban garken tumakin nan, karo na uku. Tumakin ma sun daina ɗago kai.

Maureen ta ƙara damƙe sitiyari. Ƙarfe sha biyu za a ɗaura auren jikansu Lewis a cocin Hawsby, zoben ango kuwa yana cikin jakarta. Na kakansa ne, da safen nan aka zare shi daga yatsansa da sabulu.

Kakan, mijinta Cedric, yana gefenta da taswira a cinya. Tsohon malamin makaranta ne, ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Shekara arba'in da bakwai tana tuƙi yana faɗin hanya, bai taɓa ɓatar da su ba. Kowa a garin ya san haka, don shi da kansa ya gaya wa kowa.

"Hagu na ce, Maureen! Kin ko san asalin kalmar nan tamu ta hagu, left? A bakin kakanninmu ma'anarta rarrauna, hannun da ba ya moruwa. Shi ya sa kika raina shi."

"To Malam, na ji karatu. Hagun dai na bi."

"Da kin bi, da yanzu muna kujerar gaba a coci."

Ta ƙara wuta. Har ta hango abin a ranta: coci cike, amarya tsaye, babu zobe. Wannan abin kunya da me ya yi kama?

Suka sake isowa mararraba. Cedric ya dubi taswira, ya dubi hannuwansa, ya murza yatsu. Ga sanyi, amma goshinsa ya jiƙe.

"Hagu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ko kuwa... e, hagu."

Maureen ta taka birki, ta daɗe tana kallonsa. Can ta buɗe jaka, ta kamo hannunsa, ta mayar masa da abinsa.

Ya gyara murya. "Bi dama, matar nan. Bayan gada kuma hagu. Ai tun ɗazu nake faɗa miki."

Ana kaɗa ƙararrawa suka isa. Maureen ta fito tana share hawayen dariya. Ashe duk shekarun nan Malam Cedric bai taɓa sanin hagunsa ba, sai ya saci kallon hannun da ke da zobe.