Ɗayan da Ya Yi Saura

A cikin lambobi akwai waɗanda ba sa rabuwa gida-gida daidai, kowace hanya ka bi da su sai wani abu ya yi saura. Ba laifin mai lissafi ba ne, haka halittarsu take. An yi wani mai gari a wani ƙauye da ke tsakanin kogi biyu, wanda bai san da haka ba. Wata safiya cikin damina aka aiko masa cewa ruwa ya ɓalle daga sama, kafin azahar zai cinye garin. Mafita ɗaya ce, mashigin da ke gabas, inda a lokacin ruwa bai wuce gwiwa ba. Mutanen garin kuwa suna da al'adarsu ta tsallake kogi: a kasu ayari-ayari daidai wa daida, kowane ayari ya kama doguwar igiya guda. Suna kuma da wani tsohon camfi, wai duk wanda ya yi saura a rabo, rabon kogi ne. Masu unguwanni suka ƙirga jama'a, yaro da babba, aka samu dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Mai gari ya kasa su biyu, mutum ɗaya ya yi saura. Ya kasa uku, ɗaya ya yi saura. Huɗu, biyar, shida, duk haka. Duk wanda ya tsinci kansa tsaye shi kaɗai sai mutane su ja da baya, mata su kau da kai. Da aka kasa bakwai, wata mai tsohon ciki ce ta rage. Mai gari ya dubi idonta, ya ce, "A sake."

Aka sake da takwas, da tara, da goma, ɗayan nan yana nan. Ruwa ya bar gwiwa ya kai ƙugu, ya yi ja, yana tafe da rassa da gawar akuya. Mai gari yana ji, yana gani, amma bakinsa ya kasa furta a ƙara mutum ɗayan a kan wata igiya a wuce, don tsoron kada a ce shi ya miƙa wa kogi ɗan wani. Yana ta zane a ƙasa da sanda, yana neman rabon da babu shi. Can sai katangar farko ta rufta a bayansu. Jama'a suka ruɗe, suka afka ruwa ba ayari ba tsari, uwa ta saki hannun ɗa. Da yamma, a wancan ƙetare, mai gari ya zauna yana jin kowane gida na kiran sunan wanda ba zai amsa ba. Ta can hayi kuma yana hango igiyoyin nan goma, a naɗe kan reshen tsamiya, ko ɗaya ba ta jiƙe ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira akan rasa ido.