Ƙofar Injiniya Mai Buɗe Kanta

Bara na rasa bishiyar ɓaure, na samu ɗan haya. Duk wanda ya ce na ci riba bai taɓa sa ɓauren nan a bakinsa ba.

Maigidana Abu Ziyad, Allah ya jiƙansa, shi ya dasa ta a jikin katangarmu a Irbid, shekarar da ya kawo ni gidan. Ya rasu ya bar mini ita, da gareji wayam, don motar tasa 'ya'yansa sun sayar tun ba a yi arba'in ba.

Maƙwabcina Abu Mu'utaz ne. Injiniya. In ka manta ba ka faɗa ba, zai tuna maka. Ya sayo baƙar mota mai ƙyalli, ya sa wa garejinsa ƙofa mai rimot. Kwana uku yana tsaye a titi yana dannawa, ƙofa ta hau, ta sauko, shi kuma yana waige ko akwai mai kallo.

Wata safiya ƙofa ta ƙi rufuwa. Ta sauko rabi, ta koma. Aka kira mai gyara, Mu'allim Gazi. Ya durƙusa, ya nuna wasu ƙananan idanu biyu a gindinta, ya ce ganyen ɓaure ne ya tare ɗaya. Ya ɗauke ganyen, ya goge idon da hannun rigarsa, ƙofa ta rufu.

Ganye ɗaya fa. Ni da ban wuce aji biyu ba, da tsintsiya zan saya. Injiniya da ya yi karatu har ƙasar waje, mai zarto ya kira. Ina garin Zarƙa wajen haihuwar 'yata. Na dawo na tarar da kututture.

"Ummu Ziyad, ai don tsaro ne," in ji shi. "Ƙofar zamani ba ta son datti."

"Allah ya ƙara wa ƙofar lafiya," na ce, na shige gida.

Matarsa ta biyo ni da farantin ma'amul, cincin ɗin nan mai dabino a ciki, idonta jawur. Mutuniyar kirki ce Ummu Mu'utaz. Tun da suka tare ba ta taɓa fita unguwa ba ta leƙo ni ba.

Bayan mako biyu ƙofa ta fara buɗe kanta. Da rana tsaka, Injiniya na barcin bayan abinci, sai ka ji gurrr, ga mota a fili kamar kayan kasuwa. Ni ina bakin tagata ina tsinke ganyen mulukiya, wato lalo, komai a idona.

Mu'allim Gazi ya dawo. Ya sauya batir, ya shafa wa sarƙa giris, ya hau tsani ya goge lambar sirrin injin.

"Rimot nawa gare ku, Injiniya?"

"Biyu. Nawa da na maiɗakina."

Maiɗakin da ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba. Amma gidan Injiniya ne, dole komai ya zama biyu.

Aka ba su sababbi. Kwana uku shiru. Ranar Juma'a ya taka zuwa masallaci, ya dawo ya tarar da gareji ya wangame baki. Ya sa kyamara. Kyamara ta kama kyanwa ɗaya da mai tallar iskar gas. Gazi ya ce wataƙila na'urar wani ce ke shiga tasu. Aka cire injin gaba ɗaya aka ɗaura sabo, da sababbin rimot. Kwana uku, gurrr.

Na ji ƙamshin turaren wuta na fitowa daga garejin. Injiniya guda, yana yi wa aljanu hayaƙi.

Ya zare wayar wuta, ya koma ɗaga ƙofa da hannu. Kwana biyu kacal gadon bayansa ya riƙe, ya mayar da waya. A makon aka sace wata mota a layin bayanmu. Daga nan ya ɗauko kujerar roba ya dasa a bakin gareji, cikin zafin Yuli, ya zama maigadin ƙofar da ya saya don ta yi masa gadi.

Ranar Talata ya yi mini sallama. Na zuba masa gahawa, ya ajiye ƙoƙon a gabansa bai sha ba. Na gane da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai na amsa.

"Hajiya, garejin marigayi ai zaune yake."

"Hutawa yake yi, Injiniya."

"Dinari ashirin a wata, in ajiye motata a ciki."

"Saba'in."

"Saba'in! Ƙofar da ko inji ba ta da shi?"

"Shi ya sa. Kwaɗo ne irin na da, ba ido, ba kunne. Shekara talatin bai taɓa buɗe kansa ba."

"Haba, Hajiya, ke fa uwa ce a wurina."

"Uwa ba a sare mata bishiya tana Zarƙa."

Ya dubi gahawa, gahawa ta dube shi. Na bar ta ta huce, na zubar, na zuba wata. Ita ma ta huce. A ƙoƙo na uku muka daidaita, ya sha, ya tashi yana dafe da ƙugu.

Da yamma Ummu Mu'utaz ta shigo yi mini godiya, har da cewa na rufa musu asiri. Na buɗe gwangwanin da nake ajiye makullan maƙwabta, na miƙa mata rimot ɗinta, na uku ke nan da take kawo mini ajiya duk sanda aka sauya, na ce ta riƙe abinta, batirin ma ya kusa ƙarewa. Ni dai yatsana ya huta, dinari hamsin da biyar a wata na karɓa.